Kurket ɗin mata: a daina auna 'yan mata da ma'aunin maza

A watan Nuwamban 2021 aka taru a Harare domin gasar neman gurbin shiga Kofin Duniya na kurket na mata, kuma 'yan wasan Thailand ne ke jan ragamar rukuninsu bayan sun doke Zimbabuwe da Bangladesh da Amurka. Sai sabon nau'in korona na Omicron ya ɓulla a kudancin Afirka, aka soke gasar. Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta raba guraben bisa jadawalin matsayi na wasan yini guda, wanda a lokacin ba a sanya Thailand a cikinsa ba, saboda haka Bangladesh da Pakistan da West Indies suka wuce, 'yan Thailand kuwa suka koma gida hannu rabbana. Wannan abu ya nuna ainihin ciwon da ke damun wasan mata a ƙananan ƙasashe, wato ƙa'idar da ta ɗaure haƙƙin mata da matsayin da mazan ƙasarsu suka samu tun shekaru aru-aru.

Ƙasashe 12 ne kacal ke da cikakken matsayi a ICC, sauran fiye da casa'in kuwa ana kiran su ƙananan mambobi. Asalin wannan rabo ya samo tushe ne daga dogon wasan maza na kwana biyar, kuma a kansa aka gina rabon kuɗi. A tsarin 2024 zuwa 2027, inda hukumar ke raba kusan dala miliyan 600 a shekara, Indiya ita kaɗai tana karɓar kashi 38.5 cikin ɗari, yayin da dukkan ƙananan mambobi ke raba kashi 11 ko makamancin haka. Daga wannan ɗan abin ne za a biya koci, a gyara fili, a sayi kayan wasa, a kai maza gasa, kana a waiwayi mata. Afganistan, wadda ba ta da ƙungiyar mata a gida tun dawowar Taliban a 2021, tana nan da cikakken matsayinta, alhali Thailand da ta kai Kofin Duniya na T20, wato gajeren wasa na 'yan sa'o'i, a Ostireliya a 2020, ta kuma doke Pakistan a Gasar Asiya a 2022, har yau tana cikin ƙanana.

Ba za a ce ICC ta naɗe hannu ba. Tun Yulin 2018 ta amince da duk wasan T20 na mata tsakanin mambobinta a matsayin wasan ƙasa da ƙasa, a 2022 ta ba Thailand da wasu ƙasashe huɗu damar wasan yini guda, sannan a 2023 ta daidaita kuɗin kyauta tsakanin maza da mata. A Kofin Duniya na 2025 da Indiya ta ɗauka, kyautar ta kai dala miliyan 13.88. Sai dai ƙasashe takwas ne suka buga wannan gasa, dukkansu manya, kuma kuɗin kyauta a tsakaninsu kaɗai aka raba shi. Yarinyar da ke atisaye a filin makaranta a Kigali ko birnin Benin ba ta ganin ko kwabo daga ciki.

Masu kare tsarin suna cewa kasuwar Indiya ce ke kawo mafi yawan kuɗin talabijin, don haka ba zalunci ba ne ta kwashi kaso mafi tsoka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma hukumar da ta yi fafutukar shigar da kurket gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028 ba za ta ci gaba da kiransa wasan duniya ba muddin ƙasashe 'yan kaɗan ne ke iya buga shi yadda ya kamata. Kuma a ɓangaren mata ne tazara tsakanin manya da ƙanana ba ta riga ta yi nisa ba, domin ko manyan ƙasashen ba su daɗe da fara biyan matansu albashi ba. Brazil ta gane haka, ta ba matanta kwantiragi a 2020 tun kafin mazanta.

Mu a Najeriya mun ga shaida da idonmu. Matanmu sun ci tagulla a Wasannin Afirka a Accra a 2024, sannan a Janairun 2025 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu a Kuching ta Malesiya, a karon farko da suka halarci gasar duniya, kamar yadda 'yan matan Ruwanda suka kayar da Zimbabuwe da West Indies a 2023. Tambayar da ta dame ni ita ce makomar waɗannan yara idan sun haura shekara 19. Tsarar su a New Zealand za su shiga gasannin cikin gida masu albashi da ƙwararrun masu horarwa, namu kuwa za su jira gasar Kwibuka ta Ruwanda ko gasar gayyata ta Legas, 'yan makonni a shekara, wasunsu kuma karatu ko neman abinci ko aure zai raba su da wasan.

Abin da nake ganin ya dace shi ne ICC ta ware asusu na musamman domin mata, wanda hukumar wata ƙasa ba za ta iya karkatar da shi ga maza ba, a kuma raba shi bisa abin da matan suka yi a fili. Ta kuma wajabta wa manyan ƙasashe buga wasu wasanni da ƙananan a kowane zango, domin ba a koyon karawa da gwani sai an kara da shi. Hukumar Kurket ta Najeriya ita ma tana da nata aikin: ta ba waɗanda suka je Malesiya kwantiragi ko tallafin karatu, ta kuma kai wasan makarantun 'yan mata na Arewa, tare da mata masu horarwa waɗanda iyaye za su aminta su damƙa musu 'ya'yansu.