Amsar da ya kamata ɗan Katolika ya bayar

Da zarar an tayar da maganar limaman Katolika da suka yi lalata da yara, sai ka ga 'yan'uwana sun zaburo da amsa guda: ai a makarantu ma ana yi, a sauran addinai ma ana yi. E, ana yi. Sai dai mai tambayar ya san zamewa ce kawai muke yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ɗan Katolika ne, kuma wannan amsar ta ishe ni.

Samun mugu a cikin dubban limamai ba shi ne ya zubar mana da mutunci ba. Abin da manya suka yi bayan sun sani, shi ne matsalar. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda aka riƙa ɗauke Fada John Geoghan daga wannan coci a kai shi wancan, iyaye na kai ƙorafi, ana lallashinsu su yi shiru saboda sunan Ikklisiya. Ko'ina aka kai shi, ga sabbin yara a gabansa. Kadinal Bernard Law, babban bishop na birnin Boston a Amurka, ya sauka a watan Disamba na shekarar, amma a 2004 aka ba shi kujera a ɗaya daga cikin manyan majami'un Roma. Ka tsaya a matsayin uwar ɗaya daga cikin yaran nan ka ji wannan labari, sannan ka gaya mini ko "wasu ma suna yi" zai shige ta.

Kuma abin bai tsaya a Amurka ba. A Faransa, kwamitin Jean-Marc Sauvé ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan 216,000 ne limamai da 'yan zuhudun coci suka ci zarafinsu tun daga 1950. Bishop-bishop ɗin ƙasar da kansu suka nemi a yi binciken, wannan kam sai a yaba musu. Shi ma Fafaroma Francis ya yi tuntuɓe a Chile a Janairun 2018, lokacin da ya kira zargin da ake yi wa Bishop Juan Barros, na rufa wa wani limami mai lalata da yara asiri, ƙazafi. Bayan 'yan watanni ya amsa cewa ya yi babban kuskure, bishop-bishop ɗin ƙasar suka miƙa takardun murabus.

Maganar ta'asar da aka yi da sunan coci a tarihi daban take, ba zan daɗe a kanta ba. Kisan da mayaƙan Salibiyya suka yi wa Musulmi da Yahudawa a Ƙudus a 1099 ya faru. A 1204 ma sun wawashe Kustantiniyya, birnin Kiristoci 'yan'uwansu. Fafaroma John Paul na Biyu ya nemi gafara a bainar jama'a kan laifuffukan da 'ya'yan Ikklisiya suka aikata a tarihi, ranar 12 ga Maris, 2000, don haka ban ga dalilin da ni zan tsaya musu ba. In wani ya ce kotun bin diddigin aƙida ta Sifaniya ta kashe miliyoyi, zan gyara masa, domin masana tarihi dubbai suke ƙirgawa. Amma gyaran adadi sai bayan na amsa cewa ƙona mutum saboda imaninsa zalunci ne, ko da mutum ɗaya ne.

Waɗanda aka kashe a 1099 ba za a iya yi musu komai ba sai faɗin gaskiya. Waɗanda aka lalata suna yara kuwa, da yawansu suna raye, wasu sun bar coci, wasu suna zaune a benci ɗaya da mu ranar Lahadi. Idan muka fara gardamar kare kai, suna jinmu.

Akan tambaye ni me ya hana ni ficewa. Ba don kyawun halin limamai na yi imani ba, don Almasihu ne, wanda ya ce gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku da ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. An cire wa Theodore McCarrick, tsohon Kadinal a Amurka, rigar limanci a 2019 saboda lalata, an kuma kafa dokar da ta wajabta wa limamai kai rahoto ga hukumomin coci. Madalla, amma bai isa ba. Ni dai in magana irin wannan ta zo kunnena, ofishin 'yan sanda zan fara zuwa, daga baya bishop ya ji.