Na'urar 3D a karkara: a daina buga mariƙin makulli, a sayo zaren da ke lanƙwasuwa

Duk lokacin da aka yi bikin yaye matasa a wata cibiyar koyon sana'a, hoton da ke yawo a Facebook kusan iri ɗaya ne: na'urar buga abubuwa ta 3D a kan teburi, gefenta mariƙin makulli da 'yar tukunyar fure, ga sunan babban baƙo an fitar da jar roba. A tafa, a watse. Bayan 'yan watanni an lulluɓe na'urar da zani, sai ka ji a majalisa ana cewa dama kayan wasan yara ne. Wannan hukunci yana ci mini rai, domin wanda ya jawo shi shi ne mai sayo kayan, da ya cika kwali da zaren PLA zalla, wato wani nau'in zaren roba da na'urar ke narkarwa ta gina abu layi-layi, bai taɓa tambayar me ke lalacewa a gonakin rani na Kura, Bunkure ko Auyo ba.

Da ya tambaya, da kowane bakanike ya gaya masa cewa ƙananan robobi ne ke tsayar da aiki. Washar bakin tiyo ta injin ban-ruwa mai inci 2 ko 3, wadda da ta tsage injin zai riƙa shan iska ya ƙi jan ruwa. Robar nan mai siffar tauraro da ke tsakanin haƙoran kofulin, mahaɗin da ke haɗa sandar inji da ta abin da yake juyawa. Robar ƙafar janareto da ke shanye girgiza. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma in ba a samu daidai awon a kusa ba, sai an shiga mota zuwa Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, tumatir kuma na can yana yaushi.

PLA ba zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Busasshiyar roba ce mai tsagewa, ba ta matsuwa balle ta toshe kafar iska, kuma tana fara laushi da zafi ya kai kusan digiri 60. A Afrilu nan Kano da Jigawa ko a inuwa ana haura digiri 40, to ina ga jikin injin da ke aiki a tsakiyar rana? An zaɓe shi ne kawai don shi ya fi sauƙin bugawa, ya fi kyau a hoto.

Zaren da ya dace shi ne TPU, wani nau'in roba mai taushi. Yana lanƙwasuwa ya koma yadda yake, yana jure goga, baƙin mai da giris ba sa cin sa da wuri, kuma layukansa na mannewa da juna ƙwarai, abin da ya sa ba ya rabewa a gaɓa kamar sauran. Ana rubuta taurinsa a jikin kwali. Mai lamba 95A shi ya fi yawa a kasuwa kuma shi ya kamata mai koyo ya fara da shi. Ya fi tayar mota tauri, ita da take wajen 65A zuwa 70A. Mai 85A ya fi taushi, ya fi toshe ruwa, amma ya fi wahalar bugawa. Masu cewa roba daga firinta ba za ta ɗauki aikin inji ba, su duba robar kofulin da ake kawowa daga masana'anta: yawancinta dangin wannan roba ce, mai taurin 92A zuwa 98A.

A nan ne kuskure na biyu na masu sayayya yake bayyana. Na'urori masu araha irin Ender 3 ta farko suna tura zaren ne daga nesa ta cikin dogon bututu. Da zare mai tauri babu matsala. TPU kuwa tura shi haka tamkar tura dafaffiyar taliya ne ta cikin tsinken shan lemo: zai tanƙware, ya fice ta gefen giya, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke tura shi, ya nannaɗe. Na'urar da injin tura zarenta ke zaune kai tsaye a saman bakin da narkakkiyar roba ke fita ita ce ta wannan aiki, kuma tsohuwar ma ana iya sauya mata wannan sashe ba tare da an jefar da ita ba.

Sauran duk saiti ne da haƙuri. Zafin baki tsakanin digiri 220 da 230, farantin da ake bugawa a kai 40 zuwa 50. Gudu kada ya wuce milimita 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Mai gaggawa shi ke toshe baki. Janye zare baya da na'ura ke yi in za ta tsallaka wuri a rage shi zuwa milimita 1 ko ƙasa, domin yawan ja da saki yana miƙar da zaren har giya ta daina kama shi. A sassauta matsin giyar kaɗan. In farantin mai santsi ne da aka lulluɓe da robar PEI, a shafa gam na sanda tukuna, saboda TPU na kama shi har ya ɓamɓaro fatarsa wajen cirewa. Washa kuma a kwance ake buga ta, a cika cikinta kashi 100, a ƙara yawan robar da ke fita da kashi 3 zuwa 5 don kada a bar 'yan kafofi tsakanin layi da layi. Wanda ya bar cikin a kashi 20 kamar na tukunyar fure, washarsa za ta yi yoyo, ya koma yana zagin zaren.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi, kuma ba na jin ana koyar da shi. TPU na shan danshin iska. Nadin da aka bari a buɗe a Agusta, in an sa shi za a ji baki na ƙas-ƙas, abin ya fito da ƙuraje da zare-zare, ƙarfinsa ya ragu. Maganinsa a busar da shi a digiri 50 zuwa 55 na awa 4 zuwa 6, a adana a bokiti mai murfi tare da ƙullin nan na shanye danshi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: tana manne wa zaren ta bi shi har bakin da faɗinsa milimita 0.4 ne kacal. Guntun soso da aka maƙala a zaren kafin ya shiga na'ura ya isa.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Washar tiyo mai inci 2, kaurin milimita 3, ba ta wuce giram 3 zuwa 4 ba, tana fita cikin rabin awa. Nadi ɗaya na kilo 1 zai ba da sama da 250.

Akwai inda bai kamata a kai shi ba, kuma ɓoye wannan cutar manomi ne. Kusa da salansa ko kan silinda zafi zai lalata shi. Fetur na kumbura shi in ya daɗe a ciki, haka wasu magungunan feshi, don haka kafin a yi wa injin feshi washa a jiƙa gutsure cikin maganin kwana biyu a gani. Abin da zai zauna cikin ruwa dindindin a nemi nau'in polyether, domin na polyester ruwa mai ɗumi na ruɓar da shi a hankali.

Masu cewa a ci gaba da yanka tsohon tib ɗin taya da reza, su yanka mana tauraron kofulin mu gani. Masu fakewa da rashin wuta kuma sun san na'urar ba ta kai dutsen guga cin wuta ba. Abin da take buƙata batir ne da inbata don kada aiki ya yanke a tsakiya.

Duk hukuma ko ƙungiyar da za ta sake raba waɗannan na'urori, ta sa TPU da ma'aunin kalifa na auna kauri da faɗi cikin kayan, ta zaɓi na'ura mai tura zare kai tsaye, ta kuma tura ɗaliban rumfar masu gyaran injin ban-ruwa su tattaro robobin da suka mutu su auna. Ranar yaye su, a ɗaura washar da suka buga a bakin tiyo, a tayar da inji a gaban baƙi, wanda tasa ta ja ruwa shi za a ba takardar shaida.