Na biya kuɗin kaya, amma mai shi bai sake shi ba

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da shagon buga takardu a Yelwa, nan Bauchi. Duk ɗan wannan sana'a ya san ba kullum ake sayen sabon katirij, wato mazubin hodar firinta, ba. Tona ta ƙare, yaro ya kwance shi, ya ɗura hoda, hannu da hanci su yi baƙi ƙirin, a mayar a ci gaba. Makon jiya ɗalibai sun yi layi har bakin ƙofa, sabuwar firintata ta ce atafau ba ta san katirij ɗin da muka cika ba. Ashe akwai wata 'yar na'ura a jikinsa mai kai tsegumi. Yarona ya ce, "Oga, wannan fa haya muka ɗauko, ba saye ba."

Ba zan kira sunan kamfanin ba. Amma wani kamfanin daban, Lexmark, ya taɓa kai irin wannan rigima gaban shari'a a Amurka. Yana sayar da katirij da rangwame bisa sharaɗin ba za a sake cikawa ba. Wani ƙaramin kamfani, Impression Products, sai ya riƙa tattaro waɗanda aka gama da su, har da waɗanda aka sayar a ƙasashen waje, ya cika ya sayar. A 2017 Kotun Ƙoli ta ce da zarar mai haƙƙin ƙirƙira, wato wanda ya yi rajistar abin da ya ƙirƙiro don kada wani ya yi ko ya sayar sai da izininsa, ya sayar da kaya, haƙƙinsa a kan wannan ƙwayar ya ƙare, a gida aka yi cinikin ko a waje. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya kawo misalin garejin makanikai: in kowane mai ƙirƙira zai bi sassan mota da ƙara bayan ya sayar, wa zai gyara tsohuwar mota? Mai shari'a Ginsburg ce kaɗai ta saɓa a kan cinikin waje. Hukuncin bai hana sa 'yar na'urar ba, kada a ce na ce.

To mu fa? Dokarmu ta haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ce, kuma sashe na 6 ya ce haƙƙin yana ƙarewa ne bayan an sayar da kayan bisa ƙa'ida "a Najeriya". Nan gizo ke saƙar. Wato in ɗan kasuwar Wunti ya sayo kaya na asali a Dubai ko Indiya, daga hannun kamfanin da kansa, kamfanin na iya tare shi a nan muddin ya yi rajistar ƙirƙirarsa a ƙasar nan, kuma rajistar shekara 20 take yi. Ya ci kuɗinsa a can, a nan ma yana da ta cewa.

Firinta da sauƙi. Magani ne abin tsoro, don kamfani ɗaya kan sayar da ƙwaya ɗaya da farashi daban-daban daga ƙasa zuwa ƙasa. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 don ta iya shigo da magani daga inda ya fi araha, lokacin da ƙanjamau ke cin mutanenta. Kamfanoni 39 suka maka ta a kotu, sai a Afrilun 2001 suka janye da duniya ta yi musu ca. Kuma ba wanda ya ɗaure mana hannu: yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta bar wa kowace ƙasa zaɓi kan ko cinikin waje zai ƙarar da haƙƙin, sanarwar Doha ta 2001 ta sake jaddadawa. Tarayyar Turai ta zaɓi nata, abin da aka sayar a Faransa ya wuce Jamus ba shamaki.

Na san za a ce jabu zai cika kasuwa. Jabu daban, wannan aikin NAFDAC ne da kwastan. Ni kayan asali nake nufi. Hujjar da ta fi nauyi ita ce kamfanoni za su iya daina yi wa ƙasashe matalauta rangwame. Na ji, amma mu masu saye ne, ba masu ƙerawa ba, kuma 'yan majalisarmu su ya kamata su zauna su auna waɗannan kalmomi biyu na dokarmu, "a Najeriya", su cire su.

Ni dai na sauko da tsohuwar firintata daga kan kantar shago, na kakkaɓe mata ƙura. Ita ba ta tambayar inda hoda ta fito.