Hutun haihuwa: doka ta tsaya a ƙofar ma'aikatun gwamnati

Malamar makarantar kuɗi a Kano ko Zariya, da zarar cikinta ya fito, ta san abin da ke jiranta. Ba kasafai ake ba ta takardar kora ba. Mai makaranta zai kira ta ofis cikin ladabi ya ce, "Malama, ki je ki huta, in Allah Ya sauke ki lafiya ma yi magana." Daga ranar albashi ya tsaya. Kafin ta gama wankan jego an ba wata ajinta.

Wannan saɓa wa doka ne ƙarara. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace mai ciki hutun mako shida kafin haihuwa, in ta kawo takardar likita, da mako shida bayanta. In ta yi wata shida a wurin aikin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta. Ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu, ya kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana. Sai dai mako shidan bayan haihuwa kwana 42 ne kacal. Wato mai jego ta yi arba'in, bayan kwana biyu ta koma bakin aiki, alhali a asibiti ana ce mata ta shayar da nono zalla har wata shida.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. Na tarayya suna da mako 16 da cikakken albashi, kuma a 2021 aka amince wa maza hutun kwana 14. Jihar Legas ta kai hutun wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Madalla. Amma mata nawa ne ke karɓar albashin gwamnati? Mafi yawa suna makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, kantuna da masana'antu, inda sau da yawa ko takardar ɗaukar aiki babu.

Kotu kam ta nuna tana iya tsayawa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ƙwadago ta Ƙasa ke da hurumin sauraron ƙarar nuna wariya a wurin aiki, kuma a 2023 reshenta na Akure ya soke ƙa'idar 'yan sanda da ta ba da damar korar jami'ar da ta yi ciki ba aure. To amma matar da albashinta bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, da me za ta ɗauki lauya? Ga kunya, ga dangi na cewa ta bar wa Allah.

Ni a ganina babbar ɓarakar tana cikin dokar kanta: ta ɗora kuɗin hutun gaba ɗaya a wuyan mai ba da aiki. Mai makaranta mai malamai goma, in zai biya mai jego ya kuma biya wadda ta riƙe mata aji, lissafi zai yi. Ƙarshen lissafin shi ne ya daina ɗaukar amare, ko ya riƙa tambayar mace a wurin ganawa yaushe ta yi aure. Ban wanke shi ba, zalunci ne, amma dokar ce ta share masa hanya.

Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta hango wannan. Ta ce hutu kada ya gaza mako 14, kuɗi kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, kuma a biya daga asusun inshorar jama'a ko baitulmali. A Nijar hutun mako 14 ne, kuma asusun inshorar ma'aikata na ƙasar, CNSS, na ɗaukar wani kaso na kuɗin. Mu ma muna da abin da za mu ɗora a kai: tun Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, masu ba da aiki na zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu a asusun NSITF domin waɗanda suka ji rauni a bakin aiki. Ya kamata Majalisar Tarayya ta buɗe irin wannan asusu domin haihuwa, kowane mai ba da aiki ya zuba, ko maza zalla yake ɗauka. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC kuma ya kamata ta sa wannan a teburin tattaunawa kamar yadda take sa batun albashi, jami'an ma'aikatar ƙwadago su fara leƙa makarantun kuɗi suna tambayar ina malamar da ta haihu a zangon da ya wuce.