Ranar da Surukina Ya Same Ni Ina Ba da Karatun Giya

Duk wanda ya ce muku na taɓa kai giya bakina, ya zo mu dafa Alƙur'ani. Na san labarin ya zagaye Kurna har ya tsallaka Rijiyar Lemo, kowa da gishirin da yake ƙara masa, to ga yadda aka yi.

Yaron Alhaji ne ya dawo daga Umara da katan ɗin Barbican, lemon sha'ir ɗin nan na Saudiyya da ba ya bugarwa, aka kawo mana majalisa bayan isha'i. Kwalba kore, ga kumfa. Na buɗe tawa ke nan, ko kurɓa ban yi ba, wani ya tambaya me ya sa ba ta da kauri da zaƙi irin na Maltina. Shi ke nan aka taɓo ni inda nake da ƙaiƙayi.

Kun san tun ina saurayi nake auna wa dillalan kamfanoni dawa a Dawanau, kuma akwai wani mutumin kudu da in ana lodi ba ya gajiya da surutu. A bakinsa na kwashi komai. Sai na toshe bakin kwalbar da babban yatsa saboda ƙura, na gyara zama, na ce ai abin daga hatsi yake. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole masu dafa lemon malt da masu dafa giya suka koma kan dawa da masara, musamman farafara. Daga baya an ɗage dokar, amma dawa ta riga ta samu gindin zama tunda ita ba da dala ake sayen ta ba, har a Aba aka kafa wurin tsirar da ita. Jamusawan yankin Bavaria kuwa tun a 1516 suka kafa doka cewa ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hops kaɗai za a zuba a giya. Na ce har wadda kuke ganin sunanta na Turawa, irin su Heineken, a ƙasar nan ake dafa ta.

Ina bayani ina kaɗa kwalba. Majalisa ta yi tsit, ni kuwa na ɗauka ilimi ne ya ratsa su, sai na ƙara murya.

"Ta gida," na ce, "ta fi zama a baki, akwai ɗan zaƙi-zaƙin hatsi a cikinta. Ta waje ɗacinta siriri ne, sai ta wuce maƙogwaro kake jin sa. Amma fa ta sha hanya: makonni a jirgin ruwa, ta zo ta kwana a Apapa, in haske ya dake ta a kwalba kore har wani wari take yi. Shi ya sa wanda ya san abin, gara masa sabuwa ta gida mai sanyi."

"Salamu alaikum."

Ban waiwaya ba na gane muryar. Baban Maman Ummi. Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, wanda in na hango shi a Kofar Ruwa nake sauya layi. Yana tsaye a bayana da carbi da tocila, kuma tocilar ba fuskata take haskawa ba.

Jiki ya riga hankali. Na zube na tsuguna, na cusa kwalbar a aljihun riga, na zare yatsa don in haɗa hannu biyu in gaishe shi. Kwalbar da na yi ta jijjigawa tun daga Babangida har Jamus.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ya iyali?"

Fuuu. Sanyi ya fara daga haƙarƙari.

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Ya kasuwa?"

"Da godiya, Baba."

Wallahi dattijon nan bai taɓa yi mini doguwar gaisuwa irin ta ranar ba. Ya tambayi Hajiyata. Ya tambayi ƙafar kawuna na Bichi. Ya tambaya ko an samu ruwa a wajenmu, alhali a lokacin ruwa na bin cinyata yana sauka ta ƙafar wando, kumfa na fitowa ta bakin aljihu tana ƙara. Ina amsawa kaina a ƙasa, ina kallon abin ya yi hanya a kan siminti, ya nufi takalminsa a hankali. Da ya iso, bai ce komai ba, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya matsar da ita gefe, ya bi hanyar ruwan da tocila har zuwa tushenta.

"To madalla. Na ga ana ɗaukar karatu, kada in katse ku. Dama wucewa zan yi."

A garin da Hisbah ke tara kwalabe tana bi ta kansu da motar daɓe, a nan surukina ya ji ni ina zaɓa wa jama'a mai sanyi.

Amma ni ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba, Dogo mai shayi ne. Teburinsa titi yake kallo. Tun daga wajen taransifoma ya hango Baba, ya ci gaba da kaɗa ƙwai. Tari ɗaya ya gagare shi. Mutumin da lokacin da iska ta kwashe masa rumfa ni na ba shi buhuna ya rufa, gero tiya uku kuma har yau yana kansa tun azumin bara. Da na tuhume shi sai ya ce wai ba ladabi ba ne a katse malami. Washegari na ce ya raka ni ya ba da shaida cewa Barbican ce, ya ce shi dai kwalba kore ya gani, bai yi boko ba. Wanda in ka tura masa kuɗin shayi ta waya babu naira hamsin, daga nesa zai karanto maka.

A gida Maman Ummi ta shinshina rigar ta ajiye ba ta ce uffan ba. Da safe Inna ta kira ta, wai tana tambaya ko ina fita sallar asuba. Na nemo wata kwalbar a rufe na aika gidan don su karanta jikinta da idonsu, aka dawo da ita da saƙon an gode, Baba yana da suga.

Yanzu na koma shan shayi wajen yaron nan na bakin masallaci. Ruwa-ruwa yake yi, kuma biredinsa na jiya ne.