Lissafin riba kaɗai ba ya riƙe amana

Malam marubuci sannu da ƙoƙari. Ka ce wai ɗa'a yarjejeniya ce kawai, mutum ya yi lissafi ya ga zaman lafiya ya fi masa riba sai ya daina cutar maƙwabci. Ni dai gaskiya ban gamsu ba.

Mu nan Jos mun gani da idonmu, a rikicin Satumbar 2001 da na 2008 da na 2010, mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa tare a Terminus da Farin Gada, ana ba juna bashi ana zuwa biki, rana ɗaya komai ya watse. Waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ƙuryar ɗaki, Musulmi ya ɓoye Kirista, Kirista ya ɓoye Musulmi, wace riba suka lissafa? In an gano su, su ma ba za su tsira ba fa. Lissafi cewa zai yi ka kulle ƙofa ka yi shiru.

Ko adashi, wanda ya fara kwasa me zai hana shi gudu in ba kunya da tsoron Allah ba?

Kuma in duk abin da jama'a suka amince shi ne daidai, ai an yi zamanin da doka ta halatta cinikin bayi. Jariri da mai taɓin hankali da wa suka zauna suka sa hannu, ko su ba su da haƙƙi? Ban raina yarjejeniya ba, Hilful Fudul ma, alƙawarin da aka ƙulla a Makka na kare wanda aka zalunta, yarjejeniya ce, amma sai da mutanen Makka suka san an zalunci wani baƙon ɗan kasuwa kafin su taru a gidan Abdullahi bn Jud'an.