Mai Son Tuƙa Jirgin Yaƙi, Fara Zuwa Asibitin Garinku Tukuna

Duk shekara da zarar NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, ta buɗe shafin neman shiga, sai ka ga samarinmu sun cika bakin titi da asuba ana ta gudu. Wani da riga mai launin kakin soja, wani ya ɗaura buhun yashi a baya, ana tsallen kwaɗo, ana zufa. Abin sha'awa ne, ban raina ba. Amma ka tsayar da ɗaya daga cikin masu cewa su jirgin yaƙi za su tuƙa, ka tambaye shi yaushe rabonsa da likitan ido, ko mene ne rukunin jininsa, AA ne ko AS, ko an taɓa yi masa gwajin ciwon hanta. Sai ya kalle ka ya ce, “Yaya, ai ni lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi.”

To a nan matsalar take. Ƙannena, lafiyar yawo a ƙasa daban, lafiyar da sojan sama ke nema a jikin matuƙi daban. Ra'ayina shi ne shirin gwajin lafiyar da ake yi wa mai neman tuƙi shekara guda kafin lokaci ake fara shi, a asibitin gwamnati na garinku, da kuɗin da bai kai na sabon takalmin gudu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma manufar shirin ita ce ka san jikinka, ka gyara abin da ke gyaruwa. Duk wanda ya ce maka shiri shi ne koyon yadda za ka zille wa likita, cutarka yake yi.

Ka fara da fahimtar dalilin tsananin. Idan jirgin yaƙi ya yi kwana mai kaifi cikin gudu, nauyin jikin matuƙi yana ninkawa, sau huɗu, sau biyar, a wasu jiragen har sau tara. Jini ma nauyinsa yana ninkawa, sai ya gangara ciki da ƙafafu ya bar kai. Wajen ninki huɗu zuwa biyar, mutumin da ba a horar da shi ba kuma ba shi da rigar matse jiki, ganinsa zai fara dishi-dishi, ya yi duhu, daga nan sai suma. Ga kuma ƙarancin iska a sama: a tsayin ƙafa 25,000, idan iskar oksijin ta yanke, minti uku zuwa biyar ne mutum zai yi cikin hayyacinsa. A ƙafa 35,000 bai wuce minti ɗaya ba. Zuciyar da ke da ɗan tangarɗa wadda mai ita bai taɓa ji ba yana buga ƙwallo a unguwa, a can ne za ta nuna kanta. Shi ya sa gwajin shiga makarantar soja bai isa ba. Wanda aka ware don tuƙi sai ya sake shiga hannun likitocin jiragen sama kafin ya hau jirgin koyo a Kaduna, ballantana jirgin koyon yaƙi L-39 a Kano ko jirgi mai saukar ungulu a Inugu. Bayan ya zama matuƙi ma ana ci gaba da duba shi lokaci-lokaci har ya ajiye aikin.

Ido ne ya fi kayar da mutane, don haka bari in daɗe a kansa. Kowa ya san allon haruffa da ake karantawa daga nisan mita shida, ana so ka kai layin da ake kira 6/6, kowane ido shi kaɗai. Abin da yawanci ba su sani ba shi ne ana iya ɗiga maka magani ya saki jijiyar da ke daidaita gani, ta yadda idon da ya saba yin ƙoƙari ya rufe aibinsa ba zai iya ba. Ana duba ko idanun biyu suna aiki tare, ana duba iya auna nisa, ana leƙa bayan ido. Sannan ga babban mai yanke hukunci, littafin Ishihara. Wani likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar da shi a 1917, cikakkensa shafi 38 ne, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, yawancinsu da lamba ɓoye a ciki. Mai cikakken gani zai ga 74, wanda ba ya bambance ja da kore sosai zai ga 21. Wannan abu gado ne, galibi ta wajen uwa yake bi ya faɗa kan ɗa namiji, shi ya sa ya fi yawa ƙwarai a maza. Ba ya jin magani, ba ya jin karas, ba ya jin zuma da habbatussauda. Mutum zai iya kaiwa shekara 20 bai san yana da shi ba, don a ganinsa haka duniya take.

Na san akwai masu sauke shafukan a waya su haddace lambobin bi da bi. Na farko, likita yana iya juya jerin shafukan, kuma akwai wasu gwaje-gwajen na fitila da na kwamfuta da ba a haddace su. Na biyu, mu ɗauka ka tsallake. Fitilar fiffiken hagu na kowane jirgi ja ce, ta dama kore, da su matuƙi ke gane inda wani jirgin ya dosa cikin dare. A gefen titin sauka akwai fitilu huɗu a jere: biyu fari biyu ja, kana kan daidai, huɗu duka ja, ka yi ƙasa da yawa. Idan rediyo ya mutu, da hasken ja da kore da fari hasumiya za ta yi maka magana. Wa za ka haddace wa waɗannan? Dubawar ba ta ɗaukar minti biyar a sashen ido na babban asibiti. Ka je tun kana aji huɗu na sakandare, idan akwai matsala ka sani tun da wuri, ka juya akalar burinka ba tare da ka ɓata shekara uku kana sayen fom ba.

Kunne kuwa mu muke kashe shi da hannunmu. A gwajin za a sa ka a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, a ɗora maka abin sauraro, kana jin ɗan siririn sauti ka danna maɓalli. Sautuka masu kaifi su ne ke fara ɓacewa ga wanda ƙara ta ci kunnensa, kuma shi ba zai lura ba, don hira yana jin ta lafiya lau. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti idan aka daɗe a cikinta kullum tana lalata ji, abin da ya lalace kuma ba ya dawowa. Yaron da ke kwana da iyafis a kunne an ƙure sauti, ko yake wuni a gindin injin markaɗe da janareto, ko ba ya wuce lasifikar dije a gidan biki, ya sani yana cin jarinsa ne. Sai kuma sakace kunne da tsinken ashana da gashin kaza, wanda ke iya huda dodon kunne. Likita zai ce ka toshe hanci, ka rufe baki, ka hura a hankali, yana kallo ya ga ko dodon ya motsa. Duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo zuwa Jos ya san yadda kunne ke toshewa. Wannan a mota ne, a hankali. A jirgin da ke faɗowa dubban ƙafa cikin minti guda, kunnen da ba ya buɗewa azaba ce mai iya ɗauke hankalin matuƙi. Saboda haka mura mai yawan dawowa da toshewar hanci na kullum abin kai wa likita ne tun yanzu.

Jini. Mai sikila, wato SS, maganar aikin soja ma ba ta taso ba. AS, wato wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, shi ne ke da sarƙaƙiya, ga shi kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da shi. Mai AS lafiyayye ne a rayuwar yau da kullum, amma inda iska ta yi ƙaranci ƙwarai jininsa na iya lanƙwashewa ya toshe hanyoyin saifa. Kowace runduna da dokarta a kan wannan, dokar ma tana sauyawa: makarantar hafsoshin sojan saman Amurka sai a 1981 ta daina korar masu AS. Ka san naka, ka karanta sharuɗɗan shekarar da kake nema da idonka, kada ka dogara da “an ce” na majalisa. Kuma ka yi gwajin a wuri mai inganci, don sakamakon bogi a wannan fanni ya yi yawa.

Ciwon hanta nau'in B shi ne wanda ya fi ba ni takaici, domin akwai rigakafinsa. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum takwas cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, mafi yawansu ba su sani ba. Allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. Ka ga ke nan wanda ya tuna da ita saura sati biyu a kira shi ya makara. Hasali ma allurar da aka yi dab da gwaji tana iya sa sakamako ya nuna kamar akwai cutar na 'yan kwanaki. A yi gwaji tukuna, idan babu a fara allura, a kuma daina aski da aska ɗaya da kowa.

Yanzu ga inda za mu ɓata da wasu. Akwai al'adar da ta kama mu ta neman “taimako” a daren gwaji. Yaro ya ji an ce jininsa ya ɗan hau, sai abokai su raka shi kemis a ba shi ƙwayar da ke rage bugun zuciya. Wani a haɗa masa jiƙo wai ya wanke jini. Wani ya zo da fitsarin ƙaninsa a 'yar kwalba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ga na'urar awon zuciya, ga gwajin jini, ga ma'aikaci tsaye a kanka lokacin ba da fitsari. Irin waccan ƙwaya kuma tana hana zuciya saurin amsawa a daidai lokacin da jini ke barin kai, wato ita ce ma abin da matuƙin jirgin yaƙi ya fi gudu. Idan jininka yana kaiwa 140 bisa 90 a zaune kana ɗan shekara 19, ba NDA ce damuwarka ta farko ba, ka nemi likita ya gano dalili. Idan kuma faɗuwar gaba ce kawai ke ɗaga shi da ka ga farar riga, maganinta sabo: ka riƙa zuwa ana auna ka har abin ya zame maka ba komai ba. Rage gishiri da dunƙule, bar lemon ƙara kuzari da shisha, yi barci. Batun kodin da tiramol da wiwi ba sai na ja ba. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, wiwi kuma yana iya makonni a fitsarin mai yawan sha.

Iyaye, ku ma da naku. Mun iya cewa “a rufa masa asiri”. Yaro ya taɓa faɗuwa yana kumfa sau biyu yana ƙarami, ko yana da asma da ke tashi da hunturu, ko ya taɓa buguwa a ka har ya suma, sai a ce kada ya kuskura ya rubuta a fom, a kuma shiga neman wani babba da zai yi waya. Alhaji, wannan wayar da za ka sa a yi, ɗanka kake turawa sama da cutar da ba a sani ba, shi kaɗai a cikin jirgi, ƙarƙashinsa kuma garuruwan mutane. A watan Maris na 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin Germanwings, wanda ya ɓoye wa kamfaninsa takardar likita da ta ce bai cancanci aiki ba, ya kifar da jirgin a tsaunukan Faransa, mutum 150 suka mutu. Jirgin fasinja ne, amma darasin ɓoye ciwo ɗaya ne. Ina da ra'ayin cewa alfarma a wannan wuri ta fi alfarmar ko'ina muni, kuma likitan da ya ƙi karɓar wayar ya yi wa gidanku alheri ko da kun ƙullace shi.

Abubuwan da ke gyaruwa suna da yawa, su ya kamata a kashe wa kuɗi. Haƙori mai kogo a cike shi, don iskar da ta maƙale a ciki tana kumbura a sama ta sa ciwo mai tsanani. Ƙaba, gwaiwa da basir ana aikinsu a warke, amma suna son watanni. Ƙiba ko rama duk ana daidaita su. Tsawo kam ba ya gyaruwa: NDA na neman namiji ya kai mita 1.68, matuƙi kuma ana ƙara auna tsawonsa a zaune da tsawon cinyarsa, saboda kujerar tsira da ke harba shi waje idan jirgi zai faɗi. Mai dogayen ƙafafu sosai gwiwarsa na iya dukan allon gaba wajen fita. Mata ma duk wannan ya shafe su, tun da Blessing Liman, mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Najeriya, ta buɗe ƙofar a 2011, Kafayat Sanni kuma ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a 2019.

A satin gwajin kansa, sassauta motsa jiki. Gudu mai tsanani kwana ɗaya kafin a karɓi fitsari yana iya sa a ga furotin ko alamar jini a ciki, a tsayar da kai a banza. Nisanci ƙara tun daga jajibiri, sha ruwa yadda ka saba, kada ka sha wani magani da likita bai rubuta ba, wanda ya rubuta kuma ka faɗa. Tafi da duk takardun asibitinka na baya.

Da ina da iko da ma'aikatun ilimi na jihohinmu, da na sa an ajiye littafin Ishihara da allon haruffa a kowace sakandaren kimiyya, malamin lafiya ya duba 'yan aji huɗu sau ɗaya a shekara, a haɗa da gwajin rukunin jini da na hanta. Wanda abin bai yi masa ba, a gaya masa tun yana ɗan 15 cewa rundunar sojan sama tana ɗaukar injiniyoyi da likitoci da masu kula da kayan aiki, ya fara shirin waɗannan da lokacinsa a hannu.